Lebul ya canza, ribon bai canza ba: nazarin matsalar wani kamfanin ɗura man inji

Kamfanin ƙarami ne. Aikinsa ɗura man inji da sinadarin wanke maiƙo a jarkokin roba, sai kuma sabulun ruwa na wanke daɓe. Yana da firintar lebul guda biyu, duk masu aiki da ribon, wato naɗin siririyar leda mai ɗauke da tawada: babba a ɗakin ɗuri, wadda ke buga lebul ɗin da ake manna wa jikin jarka, da ƙarama a bakin sito, mai buga na katan-katan da za a loda a mota. Sun daɗe suna amfani da lebul na takarda da ribon na kaki, wanda ya fi kowanne araha, kuma ana tafiya lafiya. Abu ɗaya ne ke damunsu: takarda tana shan mai. Ɗigo ɗaya ya gangaro daga bakin jarka, lebul ya yi dabbare-dabbare, gefensa ya fara ɗagowa. Don haka suka koma lebul na roba mai sheƙi, wato folifirofilin, wanda mai ba ya ratsa shi. Shawarar ba ta da aibu ko kaɗan. Sai dai an canza lebul, ba wanda ya tuna da ribon.

Ba a jima ba ƙorafi ya fara zuwa daga dillalai. Jarka tana barin kamfani rubutunta baƙi ƙirin, ta isa hannun mai saye lambar rukunin ɗuri ta shafe, kwanan wata ya dagule, sikana kuma ta ƙi karanta bakod, wato lambar nan mai sanduna baƙi da fari. Wani babban mai saye ya mayar da lodi sukutum, domin tsarin sitonsa ba ya shigar da kayan da sikana ba ta gani ba. Da aka neme ni, abin da aka ce mini shi ne firinta ta lalace, in zo in duba ko gyara za a yi ko sabuwa za a saya.

Abin da ke faruwa a cikin na'urar

Wanda bai san yadda tawada ke barin ribon ba, ba zai gane inda gizo ke saƙar ba. Ribon ɗin nan ba ƙyalle ba ne jiƙe da tawada irin na tafireta. Leda ce siririya ta foliyesta, kaurinta kimanin maikuron 4.5 (maikuron dubu ne milimita ɗaya). Fuska ɗaya an shafa mata busasshiyar tawada, ɗayar kuma an shafa mata wani abu mai santsi da ke sa ta zame a jikin kan firinta ba tare da ta kankare shi ba. Shi kuwa kan firinta layi ne na ƙananan ɗigogi masu ɗaukar zafi. A na'ura mai ɗigo 203 a inci, ɗigo 8 ke nan a kowace milimita, 832 a faɗin milimita 104. Kowane ɗigo yana yin zafi ya huce kafin ƙiftawar ido, kuma duk inda ya yi zafi tawada ta narke, ta saki ledar, ta koma jikin lebul. Kamfanin Sato na Japan ne ya fito da firintar bakod mai wannan tsari a 1981. Ta bambanta da irin mai buga rasit, wadda ba ta da ribon, takardar ce da kanta ke yin baƙi idan ta ji zafi, shi ya sa rubutun rasit ke dusashewa idan ya sha rana.

To, tawadar ba iri ɗaya ba ce. Ta kaki tana narkewa da ɗan zafi kaɗan, tana kwarara ta shige ramukan takarda mai kaushi, ta kama. Tana ba da baƙi mai kyau, tana jure gudu, ba ta wahalar da kan firinta. Rauninta shi ne taushi: farce yana kankare ta, mai da sinadarai suna narkar da ita. Ta rezin, wani sinadari mai tauri dangin roba, tana can ɗaya ƙarshen. Sai ta ji zafi sosai take saki, amma idan ta sami fuskar roba mai sulɓi tana haɗewa da ita har ka ɗauka tare aka yi su. Ita ake sa wa lebul na foliyesta, da na kayan lantarki, da na duron sinadarai, kuma kuɗinta ya ninka na kaki. A tsakaninsu akwai gauraye, kaki da rezin, wadda ta dace da takarda mai sheƙi da yawancin lebul na roba idan abin da za su fuskanta bai wuce ruwa da gogayya ba.

Da wannan kaɗai an ga bakin zaren. Sabon lebul ɗin kamfanin ba shi da ramin da kaki zai shiga. Tawadar tana sauka ta zauna a sama, ta yi kyau a ido, amma ba abin da ya riƙe ta. Jarka ta gogi jarka a cikin katan, ko ma'aikaci ya ɗauka da safar hannu mai maiƙo, shi ke nan.

Gyare-gyaren da suka ƙara dagula lamarin

Da a nan aka tsaya, da sauƙi. Amma kafin a kira kowa, mutane uku sun riga sun gwada nasu maganin, kowanne da kyakkyawar niyya.

Na farko mai kula da babbar firintar ne. Ya ga rubutu yana gogewa, ya ɗauka bai nuna ba ne, sai ya shiga ƙara zafi. Ma'aunin na'urar daga 0 zuwa 30 yake, ya kai shi ƙarshe. "Injiniya," in ji shi, "na ƙure mata zafi, amma da ka sa yatsa sai ya goge." Gaskiya ya faɗa, domin zafi ba ya mayar da kaki rezin. Abin da ya yi shi ne ya sa tawadar ta bazu, sandunan bakod suka yi kauri, fararen layukan da ke tsakaninsu suka tsuke, ga shi sikana da faɗin baƙi da fari take lissafi. Ledar ribon ta riƙa yin laushi tana yamutsewa, wani lokacin ta tsinke a tsakiyar aiki. Na jera lebul ɗin a tebur na ga tabo iri biyu, kuma yana da kyau kowane mai firinta ya iya bambanta su. Akwai fararen layuka karkatattu, yau a nan gobe a can: wannan yamutsewar ribon ce, ana gyara ta da rage zafi da daidaita matsin kan. Akwai kuma farin layi guda siriri, miƙe sambal daga sama har ƙasa, a wuri ɗaya a kowane lebul. Aka goge kan da sinadarin aisofirofil, layin bai tafi ba. Ɗigo ne ya ƙone, kuma ɗigon da ya ƙone ba ya dawowa. Kan firinta yana cikin mafi tsadar kayan gyaran na'urar.

Na biyu yana bakin sito. Lebul ɗin katan faɗinsa milimita 102, amma rubutun bai cika shi ba, sai mai kula da sito ya ga ai ribon mai faɗin 83 ya isa, ga rangwame. Abin da bai sani ba shi ne ribon ba tawada kaɗai yake kawowa ba, shi ne shimfiɗar da ke tsakanin kan firinta da takarda. Takarda tana da kaushi da ƙura, kuma duk inda ribon bai rufe ba tana gogar kan kai tsaye, mita bayan mita. Da aka buɗe na'urar aka haska fitila, gefe biyu na kan sun dushe, tsakiyar tana sheƙi. Ƙa'idar ita ce ribon ya ɗara lebul faɗi da 'yan milimitoci, har da takardar bayan da lebul ke manne a kai. Shi ya sa mai faɗin 110 ya zama abokin tafiyar lebul mai inci huɗu. Haka kuma kada ya yi faɗi fiye da kima, domin ribon mai faɗi a kan siririn lebul shi ma yamutsewa yake yi.

Na uku mai sayen kaya ne, kuma shi ya fi kusantar gaskiya. Ya yi tambaya aka ce masa rezin ne ba ya gogewa, sai ya yanke shawarar a huta gaba ɗaya, ya sayo rezin wa firintocin biyu. An gudu ba a tsira ba. A ƙaramar firinta, rezin ya haɗu da takarda mai kaushi, ya taɓa tudu ya tsallake kwari, rubutu ya fito toka-toka da ƙananan fararen huda. An biya kuɗi mai yawa an sami bugu da bai kai na da ba. A babbar kuwa lebul ya fito fari fat, ba ko ɗigo. Dalili shi ne naɗin ribon iri biyu ne, wani tawadarsa tana fuskar waje, wani tana fuskar ciki, kuma kowace na'ura da wanda aka ƙera ta a kai. Galibin firintocin Zebra na waje suke ɗauka, yawancin na Sato da Datamax kuma an san su da na ciki. Idan aka sa shi a juye, tawadar tana kallon kan firinta, ta narke a jikinsa, lebul ya wuce wayam. Gane naɗin bai kai minti ɗaya ba: ka ɓare lebul guda, ka manna gefensa mai gam a bayan naɗin, ka ɗaye. Idan baƙi ya biyo shi, tawadar tana waje.

Ina ganin wannan mutumin bai cancanci zargi ba. An ba shi rabin amsa ne. Mai sayar da ribon da zai karɓi oda bai tambayi sunan firinta da irin lebul ba, bai yi wa mai saye adalci ba.

Yadda aka warware

Ban fara da firinta ba, kuma ban fara da kundin masu sayarwa ba. Na nemi a nuna mini inda kowane lebul yake ƙarewa. Na katan kwanakinsa kaɗan ne: a manna, a loda, a sauke, a yaga katan a zubar. Ba ya ganin mai, ba ya kwana a rana. Na sabulun ruwa yana shan ruwa da hannu jiƙe, yana iya yin watanni a ɗakin ajiya. Na man inji da na sinadarin wanke maiƙo su ne ke cikin wahala: abin da ke cikin jarkar da kansa yana cin tawada, kuma zai zubo a kan lebul ko an ƙi ko an so, a garejin da ake jan jarka a ƙasa. Buƙata uku ke nan mabambanta a kamfanin da ke neman ribon ɗaya.

Daga nan aka karɓo samfur. Manyan masu yin ribon, irin su Armor na Faransa da DNP da Ricoh na Japan, kowannensu yana da nau'i da yawa a ƙarƙashin kowane suna, kuma rezin ɗin wannan ba lallai ya yi daidai da rezin ɗin wancan ba a kan lebul guda. Hatta folifirofilin ɗin ma wani an shafa masa abin da ke karɓar tawada a fuska, wani ba a shafa ba. Saboda haka sunan da ke jikin kwali jagora ne kawai, gwaji ke yanke hukunci, kuma gwajin ba ya son wani ɗakin bincike. Bayan an canza kan babbar firintar, aka buga kowane samfur a kan ainihin lebul ɗin kamfanin, aka fara da zafi kaɗan ana ƙarawa sannu a hankali har bugu ya cika, aka tsaya a nan. Aka bar su suka kwana. Sannan aka bi su da farce, aka manna salatif aka fizge, aka jiƙa farin ƙyalle da man inji aka goga, aka sake da sinadarin wanke maiƙo, aka sake da sabulun.

Ƙyallen shi ya ba da labari. A kan kaki, shafa ɗaya ya yi baƙi, lambar rukuni ta zama inuwa. Gauraye ya tsaya wa farce da sabulu ƙyam, ya ɗan jure man inji, amma sinadarin wanke maiƙo ya fara cin gefen haruffansa, ƙyallen ya yi launin toka. Rezin kuwa aka goga har hannu ya gaji, ƙyallen yana nan fari sai danshin mai. Mai kamfanin yana tsaye yana kallo, bai nemi ƙarin bayani ba.

Saura bakod, kuma a nan na ɗan matsa musu. Sun saba gwadawa da sikanar hannu ko wayar salula, idan ta yi ƙara a ce lafiya. Wannan ba awo ba ne. Sikana mai kyau tana iya karanta bakod mai rauni, ta mai saye kuma ta ƙi. Awon gaskiya da na'urar tantance bakod ake yin sa, bisa ma'aunin ISO/IEC 15416 ga mai sanduna da ISO/IEC 15415 ga mai murabba'i, inda maki ke tashi daga 0 zuwa 4, kuma ƙungiyar GS1, mai tsara ƙa'idojin bakod na duniya, tana neman aƙalla 1.5 a yawancin amfani. Kamfanin bai kai ya sayi na'urar ba, amma mai kawo musu lebul yana da ita, aka tura masa samfur. A nan wani abu ya sake fitowa. Bakod ɗin jarka an tsara shi ne a kwance, sandunansa suna gilma wa hanyar da lebul ke fita, saboda haka dole kowane ɗigo ya yi zafi ya huce a kan kowace sanda. Da rezin, mai son zafi, da kuma gudu mai yawa, gefen sandunan ba ya fita tsaf. Aka juya tsarin yadda sandunan za su bi tsawon tafiyar lebul, aka rage gudu daga inci 6 a daƙiƙa zuwa 4, samfurin ya haye. Juyin yana da nasa sharaɗi, na kuma gaya musu: a wannan tsayuwar, ɗigo ɗaya da ya mutu zai iya cinye sanda guda daga sama har ƙasa ba tare da ido ya lura ba. Maganinsa a sa baƙin layi mai kauri a gicciye saman bakod ɗin, duk ranar da aka ga ya tsage an san kan ya sami matsala.

Abin da aka tsayar: kaki mai faɗin 110 ya koma ƙaramar firinta, mai ɗaukar naɗin da bututun tsakiyarsa rabin inci ne, tsawonsa mita 74. Babbar firinta, mai bututun inci ɗaya da mita 450, ta koma rezin mai tawada a waje. Sabulu ne aka yi muhawara a kansa. Gauraye ya ishe shi, kuma ya fi araha. Sai dai firinta ɗaya ce ke buga na sabulun da na man, kuma canza ribon a tsakiyar yini yana cin lokaci, yana kuma buɗe ƙofar ranar da wani zai manta ya buga lebul ɗin mai da gauraye. Ra'ayina shi ne a bar rezin ga duka, tunda sabulun ba shi ne mafi yawan aikinsu ba. Da sabulun ya rinjayi man, da na ce a ware masa rana guda a mako da ribon nasa. Mai kamfanin ya nemi lissafi, aka yi masa a takarda: lebul mai tsawon milimita 152 da tazarar 3 yana cin 155, don haka naɗin mita 450 zai ba da kusan lebul 2,900. Da aka raba bambancin kuɗin rezin da gauraye a kan wannan adadi, abin da ya faɗo kan kowace jarka bai taka kara ya karya ba idan aka ɗora shi kusa da lodin da aka mayar da kuma kan firintar da aka saya.

Akwai tambaya ɗaya da na yi tun farko don kada a sake sayen da ba zai yi aiki ba, ita ce irin kan. Nasu shimfiɗaɗɗe ne, wanda ribon ke ɗan tafiya tare da lebul kafin su rabu, tawada ta sami damar hucewa. Wasu na'urori, kamar da yawa daga cikin na Toshiba, ɗigoginsu suna bakin gefen kan, ribon yana rabuwa da lebul nan take tawada tana da zafi, kuma suna da nasu ribon na daban. Wanda ya sa na wannan a wancan zai ga bugu marar kyau ya rasa dalili.

Ana cikin haka mai kamfanin ya ambaci cewa suna shirin fara tura sinadarin wanke maiƙo a duro ta jirgin ruwa. Na ce masa wannan wani babi ne, kada ya ɗauka rezin ɗin da ya ci gwajin ƙyalle ya wadatar. Dokar jigilar kaya masu haɗari ta teku, IMDG, tana so lebul ya kasance ana iya gane shi ko da duron ya yi wata uku a cikin ruwan teku, kuma ma'aunin da aka saba dogara da shi shi ne BS 5609 na Birtaniya. Sashe na biyu na ma'aunin yana gwada lebul ɗin da gam ɗinsa, sashe na uku yana gwada bugun, kuma shaidar da ake bayarwa ta haɗin ce: wannan lebul, da wannan ribon, da wannan firinta. Ka canza ɗaya, shaidar ba ta rufe ka ba. Ga kuma alamomin haɗari na tsarin GHS na Majalisar Ɗinkin Duniya, masu jan firam, alhali firintarsu launi ɗaya take bugawa a tafiya guda. Ko dai su sayi lebul da aka riga aka buga wa jan firam ɗin, ko su nemi na'ura mai kai biyu. Bakod dai ya zauna a baƙi, domin yawancin sikanoni da jan haske suke karatu, ja a kan fari kuma ba sa ganin sa.

Kafin a rufe aikin, an manna kati a jikin kowace firinta ɗauke da lambar ribon, faɗinsa, fuskar tawada, zafi da gudun da aka amince da su, aka kulle saitin da lambar sirri. Aka sa dokar goge kan da aisofirofil duk lokacin da aka canza naɗi, har da robar da ke jan lebul. Aka kwashe katan-katan ɗin ribon daga gindin tagar da rana ke bugawa aka mayar da su wuri mai sanyi marar danshi, domin zafi yana sa naɗin kaki ya manne da juna tun ba a buɗe shi ba. Ribon ɗin da aka gama da shi kuma aka hana jefa shi a kwandon shara haka nan: duk abin da aka buga yana nan a jikinsa ana karantawa idan aka ɗaga shi a haske, sunayen dillalai da adireshinsu da yawan kayan da kowa ya saya. Yanzu ana tara shi a akwati mai makulli tare da takardun ofis da za a lalata.